Kalmomi Biyar da Yaya Ya Koya Mini

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Tsakaninmu akwai biyu da ba su rayu ba, mahaifinmu kuma ya rasu ina aji uku a firamare, saboda haka mu uku muka saura a gidan. Da ciwon sikila aka haifi Yaya. Lokacin da sa'anninsa ke bin iyayensu gona, shi yana zaure da littafi, an lulluɓe masa ƙafafu da zane. Da ya gama karatun kwamfuta a Katsina ya dawo Daura ya buɗe ɗan shago a kan hanyar tasha, inda ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a cike wa ɗalibai takardun jarrabawa. Mutane na zuwa daga Mai'adua da Babban Mutum a kan babura, su karkaɗe riga a bakin ƙofa, su zauna gaban farin ƙyalle ya ɗauke su. Ni a lokacin ina karatun adabi, kuma duk hutu a shagon nake yini.

Kwamfuta biyu ce a shagon. Ta gaba irin wadda kowa ya sani ce, mai hotuna da launuka. Ta baya tsohuwa ce ƙwarai, tana ƙarƙashin tebur tana gurnani. Ba ta nuna hoto, ba ta da abin da ake ja da hannu a danna, baƙin allo ne kawai da farin rubutu, sai ka rubuta mata abin da kake so ta ba ka amsa. Yaya rumbu yake kiranta. Duk hoton da aka ɗauka a yini, da la'asar zai juye shi cikin rumbu, ya share katin kyamara don aikin gobe.

Wata rana da damina aka kwana biyu ana ruwa, sanyin ya shiga gaɓoɓinsa, yatsunsa suka kumbura. Ga wani dattijo daga Baure yana zaune yana jiran a sake wanke masa hoton da aka ɗauke shi makon da ya wuce. Yaya ya ce in zauna gaban rumbu ya riƙa faɗa ina rubutawa. Layin da ya faɗa mini cike yake da ƙananan alamomi, ga jan layi a kwance, ga wani a tsaye. Sau uku ina rubutawa, sau uku rumbu na cewa bai gane ba.

“Malama mai waƙa,” in ji Yaya, “baiti talatin kike haddacewa a zama ɗaya, amma harafi goma ya gagare ki.”

“Baiti yana da ma'ana, Yaya. Wannan kamar sawun kaji ne.”

“To matsa. Bari mu raɗa wa sawun kajin suna.”

Da ɗan yatsa ɗaya, wanda bai kumbura sosai ba, ya buɗe wani fayil da ban taɓa gani ba, ya soma rubutu a hankali. Ya ce abin kamar laƙabi ne. Kamar yadda ake kiran mutum da gajeren suna a gida alhali yana da dogon sunan yanka, haka za ka ɗauki dogon umarni ka sa masa gajeriyar kalma, rumbu ya riƙe, duk sanda ka kira kalmar ya yi aikin dogon. Ya ce ba don ni kaɗai yake yi ba, shi ma yatsun sun gaji da doguwar hanya.

Ina tsaye a bayansa yana rubuta layukan. Ban karanta su ba. Ruwa ne ke zuba daga indararon shagon da ke kallonmu, yana faɗawa cikin wani tsohon bokiti, sautin yana canzawa yayin da bokitin ke cika, ni kuma hankalina ya tafi can, ina neman kalmar da ta dace da wannan sautin. Har ya gama ban same ta ba.

Kalmomi biyar ya koya mini a ranar. In na rubuta shiga da sunan folda, in shiga cikinta. Fita ta mayar da ni baya. Duba ta jero mini sunayen fayilolin da ke wurin. Kwafa ta ɗauko wanda na ambata ta sa a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗauki fayil. Kashe ta kashe injin. Na rubuta duba, sunaye suka sauko a jere, na dattijon yana ciki, na kwafo, aka wanke masa, ya tafi yana sa albarka. Shekara biyu na yi ina aiki da kalmomin nan biyar, ba su taɓa ba ni kunya ba, domin duk wanda ya dawo neman hotonsa, na kwanan nan yake nema.

Sai na faɗi yadda Inna take da Yaya, in ba haka ba ba za a gane nauyin hoton da zan ba da labarinsa ba. Inna mutuniyar zamanin da ce, tana kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Da yana yaro “wancan” take cewa, da ya girma ya zama “mai shago”. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido, in yana magana sai ta sami wani abu ta riƙa gyarawa. In ciwon ya tashi, ita ke dafa ruwan zafi, ta jiƙa tawul, amma ni take ba in shiga da shi. Ita tana bakin ƙofa a zaune, bayanta jingine da bango, har sai nishin ya lafa.

Ranar wata ƙaramar sallah, shekara uku kafin rasuwarsa, Yaya ya zo gida da kyamarar shago. Inna na zaune a tsakar gida tana zuba wa maƙwabta tuwo a kwanuka. Ya miƙo mini kyamarar, ya ƙifta mini ido, ya je ya zauna daf da ita ba zato, har kafaɗarsa na taɓa tata. Ta zabura, ta ja mayafi ta kawar da kai, dariya ta ƙwace mata. A daidai nan na danna.

“Kai wannan, tashi ka ba ni wuri. Me ta yi?”

“Hoto ta ɗauka, Inna.”

“Ka goge shi. Kar in kuskura in gan shi a hannun kowa.”

“To, Inna.”

Ba a wanke hoton ba, ba a tura shi a waya ba. Na gan shi sau ɗaya a bayan kyamara, ɗan ƙarami, washegari kuma ya shiga rumbu tare da sauran. Shi kenan hoton da suke tare a duniya. Yaya mai ɗaukar mutane ne, nasa hotunan duk na fasfo ne, fuska a ɗaure.

Ya rasu a ƙarshen damina, gero ya soma nuna, da hantsi, a asibiti. Ba zan iya rubuta wannan ranar ba tukuna.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, ina wanke kofuna Inna tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, “Hoton nan na sallah. Na mai shago. Yana nan kuwa?”

Na ce zan duba. Kalmar ma da na faɗa ke nan.

Na buɗe shagon da safe. Kujerarsa na nan da matashin da ya lotsa. Na kunna rumbu, ya yi gurnaninsa kamar ba abin da ya faru. Na shiga foldar da ya sa wa suna gida, inda yake ajiye abin da ya shafe mu, na rubuta duba. Sunaye suka sauko: takardar shaidar karatuna, hotunan sunan ɗiyar maƙwabciyarmu, takardun asibiti. Na ƙirga, sha biyar. Babu na sallah. Na fita na shiga ta fasfo, sha biyar. Ta biki, sha biyar. Ta makarantu, sha biyar.

Na lura da lambar, ba zan ce ban lura ba. Amma ga yadda na fassara ta. Yaya mutum ne mai tsari, maganinsa ma a jere yake ajiyewa, kuma kullum yana cewa hotunan mutane amana ne, ba a tara su. Sai na ce a raina, ashe haka yake yi, ya bar sha biyar a kowane wuri ya share tsofaffin. Har na ji ya ƙara girma a idona. Na sake rubuta duba a foldar gida, na sake, na sake, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ta san ba kowa a ciki. Amsa ɗaya yake ba ni.

Da na koma gida Inna na alwala. Na jira ta idar da salla.

“Inna, babu. Ina jin ya goge.”

Ta daɗe tana kallon tabarma. “Ni na ce ya goge,” ta ce. “Yaro ne mai jin magana.”

Ba ta yi kuka ba. Amma daga ranar sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar aiki, muciya a hannu, tana kallon wurin da suka zauna. Sau biyu na ji tana faɗa wa kanta a hankali, “Ni na ce.” Duk waƙoƙin da na haddace babu wadda ta yi mini amfani.

Kafin arba'in Inna ta yanke shawarar a ba makarantar Islamiyyar unguwarmu kwamfutocin biyu sadaka, ladan ya kai gare shi. Na yarda da zuciya ɗaya. Sai dai na ce ba za a bayar da rumbu da hotunan mutane a ciki ba. Akwai amare, akwai matan aure da suka sassauta mayafi don hoton fasfo saboda sun amince da mai shagon. Na kwafe 'yan fayilolin da na gani a foldar gida, ɗaya bayan ɗaya, na kira maƙwabcin shagonmu ya goge sauran.

Maƙwabcin nan mai shagon gyaran waya da kwamfuta ne, mutumin kudu maso gabas, Kirista, ya fi shekara ashirin a Daura, Hausarsa har da karin garin. Oga muke ce masa, shi kuma Injiniya yake kiran Yaya. Kwana uku ya yi yana zaman makoki a ƙofar gidanmu tare da maza, shagonsa a rufe. Ya zo da kayan aikinsa, ya haɗa wani abu da rumbu, ya tsaya yana kallon allo, ya tura tabarau sama.

“Malama, tumbin nan a cike yake fa. Kin ce ɗan abu kaɗan kika kwashe.”

“Na shiga ko'ina, Oga. Abin da ke ciki ke nan.”

“To me ya cika shi? Iska?” Ya sosa ƙeya. “Ni wannan baƙin allon na Injiniya ban iya shi ba, kullum ina ce masa aljanu yake kira da shi. Amma akwai wani yarona a Kano da ya sani. Bari in cire faifan da ke riƙe da fayilolin in aika masa, in sa wa makaranta wani.”

“A'a. Hotunan matan mutane ne. Ba za su je Kano wani ya buɗe ba.”

“To ki ajiye shi a gida, a ƙarƙashin gado. Ba ya cin tuwo.”

Na yi tunanin hakan na ɗan lokaci. Sai na ga kamar in na ajiye, na riƙe wa Yaya wani nauyi ne da ya kamata a sauke masa. A kwanakin nan duk abin da nake so shi ne in yi masa abu ɗaya daidai, tunda a asibiti ban iya yi masa komai ba sai riƙe hannu. Na ce a wanke faifan, a goge komai.

“Wanki iri biyu ne,” in ji Oga. “Akwai na sama-sama, minti biyar, wanda mai wayo zai iya tono abin da ke ƙasa. Akwai mai zurfi, yini guda, wanda ko ni ko ubana ba mai dawo da komai.”

“Mai zurfin.”

“Kin tabbata, ƙanwata?”

“Na tabbata.”

Daga hantsi har la'asar na zauna ina kallon wani ɗan layi yana tsawo a kan allo. Oga ya aiko mini da lemo mai sanyi. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne natsuwar da na ji a yinin nan. Ina ta yi wa Yaya addu'a, ina jin kamar wanka nake yi masa.

Bayan wata biyu mai ginin ya nemi makullinsa. Na je kwashe abin da ya rage, farin ƙyallen, da kujera, da tarkacen aljihun tebur. A can ƙarshen aljihun na sami wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa da tabon shayi. Rubutun Yaya ne, ƙanana a tsaye. Na zauna a ƙasa ina buɗewa don kawai in ga hannunsa. A wani shafi ya rubuta Laƙabobin rumbu, ya ja layi a ƙasa. Na ga shiga, na ga fita. Sai na ga wannan:

alias duba='ls -t | head -15'

A gefe ya yi bayani da Hausa, kamar yadda ya saba yi wa kansa: sababbi sha biyar kawai, dogon jeri yana sa ni jiri.

Na karanta sau uku kafin maganar ta shiga. Duba ba ta taɓa nuna mini abin da ke cikin folda ba. Na saman kawai take nunawa, sha biyar da suka shigo a ƙarshe, sauran ta yi shiru a kansu. Ya yanke jerin ne saboda idanunsa, kamar yadda ya gajarta kalmomin saboda yatsunsa. A ƙasa akwai wata kalma da bai koya mini ba, don ban taɓa bukatarta ba:

alias kaf='ls -lt'

Bayaninta: komai da komai.

Harafi uku. Ina da su a yatsuna duk tsawon ranar da na zauna ina maimaita duba.

Na ci gaba da buɗe shafuka. Kusa da ƙarshe, a shafin da ya jera magungunan da aka rubuta masa a ciwonsa na ƙarshe, da tawada iri ɗaya, akwai layi guda shi kaɗai:

alias inna='ls -l ~/gida/inna.jpg'

Bayaninsa gajere ne: in ga yana nan.

Rumbu ba ya nuna hoto. In Yaya ya rubuta wannan kalmar, abin da zai fito masa layi ɗaya ne na farin rubutu, sunan fayil da girmansa da ranar da aka ajiye shi. Wannan ya ishe shi.

Ban rufe shagon ba na shiga wurin Oga da littafin a buɗe. Ya karanta, na yi masa bayani da muryar da ban san tawa ce ba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

“Irin wankin da muka yi ba ya barin komai.”

“Ko yaron naka na Kano?”

“Ko na Legas, ƙanwata. Da na matsa miki. Na ga tumbin a cike, na bar ki.”

“Ka faɗa mini. Ni na ƙi.”

Duk da haka washegari ya rufe shagonsa muka je makarantar, ya roƙi malamin ya bar shi ya gwada. Rumbu na kan tebur a ofis, an sa masa sabon allo mai launi, an lulluɓe shi da ƙyalle mai fure. Oga ya yi awa uku a kansa. Abin da ya samu sunayen ɗalibai ne da jadawalin hadda.

Kwana huɗu littafin na cikin jakata. Ina kallon Inna tana tsayawa da muciya a hannu, na san ina riƙe da abin da zai sauke mata wancan nauyin, na kuma san da wane farashi. In na yi shiru, za ta ci gaba da ɗaukar laifin a kanta. In na faɗa, za ta san hoton yana nan ranar da ta tambaya, yana nan ranar da na ce babu, kuma ni na zauna na ga an wanke shi ina shan lemo. Na rubuta maganar a takarda ta hanyoyi da yawa, na yayyaga. Babu yadda za a jera ta ta yi sauƙi.

Rana ta biyar da hantsi tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓare gyaɗa. Na zauna a gefen tabarmar na faɗa mata yadda abin yake, ba ado. Na ce Yaya bai goge ba. Na ce ni ce ban iya tambayar injin ba, kuma ni na sa aka wanke. Ina jira ta yi faɗa, ko ta tashi ta shiga ɗaki.

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

“Bai goge ba?”

“Bai goge ba, Inna. Har kalma ya yi masa ta musamman, don ya riƙa duba ko yana nan.”

“Mu gani.”

Inna ba ta karanta boko. Na buɗe shafin na nuna mata wurin. Ta goge yatsanta a zane kafin ta ɗora a kan haruffa huɗun.

“Nan me ya ce?”

“Inna.”

“Kullum yake dubawa?”

“Ban sani ba. Littafin bai faɗa ba.”

Ta daɗe yatsanta na wurin. Sai ta ce, “Taurin kai. A gabana ya ce to.” Bakinta ya yi wani motsi da ban san ko murmushi ne ba, hawaye kuma suka zubo, na farko da na gani tun rasuwar. Ba ta ce mini komai game da wankin ba, a ranar ko bayanta. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ta karɓi littafin ta sa a ƙarƙashin cinyarta, har yau yana cikin akwatinta.

Can ta ce, “Ke da kika gan shi, faɗa mini yadda yake.”

Na rufe ido na soma. Na ce tana zaune da kwanukan tuwo a gabanta, mayafinta ruwan toka, ta kawar da kai wajen bango tana dariya, haƙoranta sun fito. Na ce shi yana kallon kyamara, kafaɗarsa a jikin tata, shaddarsa fara, da hularsa. A nan na tsaya, don na kasa tuna launin hular. Sau ɗaya na ga hoton, ɗan ƙarami, cikin hasken rana. Na ce ina jin shuɗiya ce, ko kuwa mai ruwan ƙasa.

“Ba hula a kansa,” in ji Inna. “Ya cire kafin ya zauna. Tana hannunsa na hagu.”

Ta ja faifan gyaɗar ta ci gaba da ɓarewa.